Kacala da Hasken Leza: Yadda Mai Ƙarfi Ke Cinye Rabon Abokin Zamansa

Wata rana da kaka na kai ɗalibaina aikin gani da ido a fadamar Haɗejiya, muka shiga kwalekwale daga wajen Guri da niyyar bin hanyar ruwan Marma wadda ke gangarawa zuwa tafkin Nguru. Ba mu yi nisa ba sai hanya ta ƙare. Gabanmu da hagu da dama duk kacala ce tsaye, ta fi mutum tsawo, ta cunkushe har ba inda za a soka sandar tuƙi. Dattijon da ke tuƙa mu, masunci ne tun yana yaro, ya dafa sandarsa ya ce, "Malam, da can ruwa zuwa yake yi ya tafi. Yanzu kuwa ya zo ya zauna, shi ya sa baƙuwar nan ta zauna tare da shi." Na ce, "Baba, ka faɗi a jumla biyu abin da nake kwashe wata guda ina koya wa yaran nan."

Maganarsa gaskiya ce. Kafin a gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗejiya kan yi ambaliya da damina, sa'an nan ya janye da rani har wurare da yawa su bushe ƙayau. Wannan bushewar ita ce ke karya ƙarfin kacala kowace shekara. Da aka fara sako ruwa daga madatsun domin noman rani, sai ruwa maras zurfi ya riƙa kwanciya shekara cur, watau daidai irin wurin da wannan ciyawa ke so. Masana tsirrai suna kiranta Typha. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, kuma zangarniyarta guda kan fitar da iri fiye da dubu ɗari, iska ta kwasa ta watsa. Inda ta kafu, bado ba ya samun haske, ciyayin da shanu ke ci ba su samun wuri, taru ba ya shimfiɗuwa. Tana rage gudun ruwa, laka ta taru, hanya ta toshe, ruwan ya fantsama cikin gonakin mutanen Guri da Kirikasamma yayin da waɗanda ke can ƙasa suke jiransa. Ga kuma tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikinta su wayi gari a gonar shinkafa, ga sauro, ga dodon-koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwan wannan da leza? Ni ma da haka nake zato, sai ran da na shiga ofishin wani abokin aikina na sashen Fiziks, na tarar ya cika allo da lissafi. Na tsaya ina dubawa, na ce masa ai wannan lissafin namu ne na masu ilmin halittu, da shi muke bayyana yadda jinsi biyu ke gasar abinci. Ya yi dariya ya ce nasu ne, da shi suke bayyana yadda launukan haske biyu ke gasa a cikin leza. Muka yi ta gardama har la'asar. Ashe dukanmu muna da gaskiya.

Zango da launi

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman tasha a gajeren zango, ya ji ana cewa a kan mita 16 ko mita 19, ya riga ya san rabin abin da za mu tattauna. Waɗannan mitoci tsawon taguwar rediyo ne, daga ƙololuwar wata zuwa ƙololuwar mai bi mata. Haske ma taguwa ce irin ta rediyo, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai, har ba a auna shi da mita sai da nanomita. In aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Idonmu yana ganin haske daga wajen nanomita 400, inda shuɗi yake, zuwa wajen 700, inda ja yake. Abin da muke kira launi, ba kome ba ne illa tsawon zango. Bayan 700 haske bai ƙare ba, idonmu ne ya gaza. Akwai 1064, akwai 1550, waɗanda za mu sake haɗuwa da su a gaba.

Hasken rana ko na fitilar ƙwai gauraye yake, duk zanguna a haɗe, kamar kasuwa ta cika kowa na magana. Hasken leza kuwa zango ɗaya ne, taguwoyinsa na tafiya ƙafa ɗaya kamar sojoji a fareti. Tushen abin shi ne wata hikima da Albert Einstein ya bayyana a 1917. In aka ɗura wa ƙwayar zarra ƙarfi ta hau sama, sai wani ɗigon haske ya gifta ta kusa da ita, takan saki ƙarfin nan a siffar wani ɗigon, mai zango ɗaya da na farko, mai bin hanya ɗaya da shi. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. In aka sa madubi gaba da baya domin hasken ya riƙa kai da kawowa a cikin ƙwayoyin, sai ya yi ta ninkuwa. Theodore Maiman ne ya fara haɗa irin wannan na'ura ta yi aiki a Kalifoniya ta Amurka a 1960, da sandar jan yakutu.

Shi kuwa zaren gilashi, silili ne da bai fi gashin kai kauri da yawa ba, yana da wata zuciya a tsakiya wadda faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Hasken da ya shiga zuciyar nan ba ya iya fita ta gefe, sai dai ya bi ta duk inda ta lanƙwasa. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa in an tsarkake gilashi sosai za a iya aika saƙo da haske ta cikinsa zuwa nesa. Aikin da ya sa Kao ya sami kyautar Nobel a 2009. Zaren da ake yi yanzu ya yi tsabtar da haske mai zangon 1550 zai yi tafiyar kilomita 15 kafin rabinsa ya ɓace. Irinsa ne ke cikin manyan wayoyin ƙarƙashin teku, kamar MainOne wadda ta iso Legas a 2010, kuma ta cikinsa ne saƙon wayar hannunka ke yin mafi yawan tafiyarsa.

Tun farkon shekarun 1960 Elias Snitzer ya ga cewa za a iya mai da zaren da kansa ya zama leza, in aka barbaɗa wa gilashin zuciyarsa wasu ma'adinai masu wuyar samu. Mafi shahara a cikinsu su ne erbiyom da itarbiyom, waɗanda duka suka samo sunansu daga wani ƙauye a Suwidin mai suna Ytterby. A 1987 David Payne da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton suka nuna cewa zare mai erbiyom yana ƙarfafa haske daidai a wajen zangon da sadarwa ke bukata. In ka haska shi da ƙaramar leza mai zangon 980, ƙwayoyin erbiyom za su ƙoshi da ƙarfi, su shirya sakinsa a kowane zango tsakanin wajen 1530 da 1565. Ka haɗa bakin zaren da wutsiyarsa ya zama zobe, ka bar wata 'yar kafa inda wani kashi na hasken zai riƙa fita, ka sami leza ke nan.

Akushi ɗaya, hannu da yawa

To, ga inda gizo ke saƙar. Tun da erbiyom na iya ba da haske a duk faɗin wancan fili, me zai hana a sami zanguna takwas ko goma sha shida daga zobe guda, maimakon a sayi leza goma sha shida? Masu sadarwa na son haka, domin sun saba jera saƙonni da yawa a zare ɗaya, kowane a zangonsa, da tazarar wajen nanomita 0.8 tsakaninsu. Sai masu ƙira suka sa wani matace a cikin zoben, mai kama da haƙoran mataji, wanda ke barin zaɓaɓɓun zanguna su wuce ya tare sauran. A tunani, kowane haƙori zai ba da haskensa.

A aikace ba haka ake gani ba. Da an kunna, zangunan duka kan tashi tare na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sa'an nan ɗaya ko biyu su rinjaya, sauran su mutu. In kuma an taɓa zaren ko iska ta kaɗa shi, sai sarautar ta koma hannun wani. Dalili shi ne, a zafin ɗaki kowace ƙwayar erbiyom tana iya ba da ƙarfinta ga kusan kowane zango da ya fara iso ta. Watau akushi ɗaya ne, hannu da yawa. Zangon da ya ɗara sauran ko da da ƙanƙanin abu ne, a kowane zagaye zai ɗebi loma mafi girma, ya ƙara ƙarfi, ya dawo ya ɗebi wadda ta fi ta. Haske kuwa na zagaya zobe mai tsawon mita 20 sau miliyan goma a daƙiƙa guda. Ƙaramin fifiko in ya ninku haka, ba abin da zai bar wa na baya.

Wannan shi ne abin da ɗalibin ilmin halittu ya sani da sunan ƙa'idar Gause. A 1934 wannan masani ɗan Rasha ya wallafa gwajin da ya yi da jinsi biyu na ƙwayar halittar nan ta ruwa, Paramecium. Kowane jinsi in an ajiye shi shi kaɗai a kwalba yakan rayu lafiya. Da ya haɗa su a kwalba ɗaya da abinci iri ɗaya, sai ɗaya ya yi ta ƙaruwa, ɗayan ya ƙare, ba don an cinye shi ba, sai don an riga shi ga abinci. Lissafin da ke bayan wannan ya samo asali daga aikin Alfred Lotka da Vito Volterra a 1925 da 1926. Da Willis Lamb ya zauna a 1964 yana fayyace yadda zanguna biyu ke zama a leza guda, sai ya iso ga lissafi mai siffa iri ɗaya, har da sharaɗin zaman lafiya iri ɗaya: biyu ba za su zauna tare ba sai in kowanne ya fi takura wa kansa fiye da yadda yake takura wa ɗan'uwansa. Abin da na gani ke nan a allon abokina.

Aikin mai ƙira leza mai zanguna da yawa, saboda haka, shi ne neman dabarar cika wannan sharaɗi, kuma abin da ya ba ni sha'awa shi ne kusan kowace dabara tana da 'yar'uwa a daji. Ta farko ita ce a raba akushi. In aka tsoma zaren mai erbiyom a cikin ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, sai kowane rukunin ƙwayoyi ya koma ba ya ciyar da kowa sai zangon da ke kusa da nasa. Kowa ya sami rabonsa, kamar yadda tsuntsayen Baturiya suke cin abinci a tafki ɗaya ba faɗa, domin wani dogon baki gare shi yana tonon laka, wani kuwa a saman ruwa yake tsince. Dabarar tana aiki, amma wa zai riƙa yawo da tulun naitirojin a bayan kowace na'ura?

Ta biyu ta fi wayo, ita ce a sa wa mai ƙarfi haraji. Akwai hanyoyin da ake shirya zoben ta yadda duk zangon da ya fi ƙarfi, shi zai fi yin asara a kowane zagaye. Akwai kuma wani nau'in zare na musamman wanda in hasken ya yi yawa a cikinsa, zanguna kan gauraya har ƙarfi ya riƙa kwarara daga manya zuwa ƙanana. Robert Paine ya ga makamancin haka a gaɓar tekun Amurka, ya wallafa a 1966: akwai wata dabbar teku mai siffar tauraro da ke cin kawar da ta fi yawa a kan duwatsu. Da ya kwashe dabbar nan, sai kawar ta mamaye dutsen, jinsuna da dama suka ɓace. A fadamarmu, rani ne ke karɓar wannan haraji daga kacala. Mun ɗauke mata shi ba da niyya ba.

Duk wannan ba a fara shi da sayen kaya. Mai ƙira kan fara da takarda da kwamfuta: ya rubuta lissafin yawan ƙwayoyin da ke sama da na ƙasa a kowane taƙi na zaren, da ƙarfin kowane zango, sa'an nan ya riƙa sauya tsawon zaren, da ƙarfin fitilar da ke ciyar da shi, da tazarar haƙoran matacen, yana duban wane haɗi ne zai bar zangunan duka da rai. Tsarin lissafin da Giles da Desurvire suka wallafa a 1991 har yanzu shi ne mafarin da yawancin masu wannan aiki ke bi.

Malami na iya nuna wa ɗaliban babbar sakandare zuciyar wannan al'amari da alli kawai. A ɗauki A da B, kowanne ya fara da 10. A kowane zagaye, a ƙara wa A abin da aka samu daga 0.5 × A × (1 − (A + cB)/100), a ƙara wa B kuma 0.5 × B × (1 − (B + cA)/90). Harafin c shi ne gwargwadon yadda suke cin akushi ɗaya. In c ya zama 1, za a ga su biyun sun tashi tare, sa'an nan B ta fara zamewa a hankali, kafin zagaye ɗari ta kusa ɓacewa. In aka mai da c ya zama 0.5, sai A ta tsaya a wajen 73, B a wajen 53, su zauna haka. Ɗalibi ya kira su kacala da bado, ko zango na ɗaya da na biyu, duk ɗaya ne.

Abin da zai iya yi wa fadama

Kada a ɗauka dangantakar ta tsaya a kamannin lissafi. Babbar matsalar masu kula da ruwan Haɗejiya ita ce ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ainun, har bambancin taƙi guda kan yanke hukuncin ko ruwa zai bi ta Marma, ko ta Burum Gana, ko ta kogin Kafin Hausa. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna kore, amma ba ya faɗin tsawon koren, ko abin da ke ƙarƙashinsa. Akwai na'urar da ake kira lida, wadda ake ɗora wa jirgin sama, tana harba ɗigon hasken leza ƙasa dubbai a daƙiƙa tana auna lokacin dawowarsu. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka bambancin mita ɗaya a tsawo kan jinkirta dawowar da kashi bakwai cikin biliyan na daƙiƙa, kuma na'urar na iya auna hakan.

In lida mai zango ɗaya ce, tsawo kawai za ta ba ka. In tana da zanguna da yawa, sai ta fara gaya maka mene ne abin da ta taɓa. Ɗanyen ganye yana mai da hasken 1064 sosai, amma ruwan da ke cikinsa yana shanye wani kashi mai yawa na 1550. In ka gwama biyun, ka san ɗanye da busasshe, ka kuma bambanta ganye da itace. A Jami'ar Salford ta Ingila an ƙera na'urar auna bishiyoyi a kan wannan hikima. Kore mai zangon 532 kuwa, wanda ake samu ta hanyar raba 1064 biyu da wani ƙarau na musamman, shi ne ke ratsa ruwa ya taɓo ƙasa. A 2014 kamfanin Optech na Kanada ya fito da lidar jirgin sama mai suna Titan wadda ta haɗa waɗannan zanguna uku. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa waɗannan sun yi nisa da juna ƙwarai, ba irin jerin haƙoran matajin erbiyom ba ne: 1550 aikin erbiyom ne, 1064 kuwa itarbiyom ko wani ma'adinin daban ke ba da shi. Sa'an nan ni dai ba na ɗora wa koren nan buri mai yawa a kogin namu da damina, domin ruwan da ya yi jawur da laka ba ya barin haske ya wuce. Sai dai da rani, a wuraren da ruwa ya kwanta ya tace.

Su kuwa zangunan nan masu kusa da juna, amfaninsu gare mu yana wani wurin, watau a jikin ganuwar da ke tare ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Jigawa ya san yadda jama'ar Haɗejiya da Auyo suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna toshe ɓaraka. Jinga ba ta fashewa farat ɗaya. Ruwa kan fara tsattsafowa ta cikinta a ɓoye. Tun 1978 Kenneth Hill ya gano a Kanada cewa za a iya zana wasu 'yan layuka a cikin zuciyar zaren gilashi, su zama madubin da ke mai da zango ɗaya tak ya bar sauran su wuce. In wurin ya ɗumama da digiri ɗaya, zangon da madubin ke mayarwa kan gusa da wajen kashi ɗaya cikin ɗari na nanomita. In zaren ya miƙe saboda ƙasa ta motsa, nan ma ya gusa. A jera irin waɗannan madubai da yawa a zare guda, kowane da zangonsa, a binne shi a tsawon jinga, a haska shi da fitila mai zanguna da yawa: kowane zango ya zama ɗan aike mai kawo labarin wuri ɗaya. Inda ruwa ya fara ratsowa, zafin ƙasar wurin zai sauya, zangonsa ya gusa, tun ido bai ga danshi ba. Mutanen Holan, waɗanda babban kashi na ƙasarsu ke ƙasa da teku, sun gina jingogin gwaji a lardin Groningen, a wani shiri mai suna IJkdijk, suka binne na'urori iri-iri har da zaren gilashi, suka riƙa tura musu ruwa da gangan har su fashe, domin a ga wace na'ura ce ta fara ba da gargaɗi.

Ga malamin da ke son ɗalibansa su ga yadda haske ke bin zare da idonsu, ba ya bukatar kome sai gorar ruwa ta roba da 'yar fitilar leza irin ta nuni da ake sayarwa a kasuwa. A huda gorar kusa da gindi, a cika ta da ruwa, a rufe tagogin aji, a haska fitilar ta ɗaya gefen daidai saitin hudar. Ruwan zai tsarto ya lanƙwaso ƙasa, hasken kuma ya biyo shi, har ɗigon ja ya bayyana a tafin hannun da aka tara. Daniel Colladon ya nuna wannan a Janeba tun farkon shekarun 1840. A kula kada a bari wani yaro ya haska ta a idon ɗan'uwansa ko nasa, ko da da wasa, domin ko wannan 'yar ƙaramar tana iya yi wa ido lahani. In an ɗiga madara kaɗan a ruwan, za a ga hanyar hasken tun daga cikin gorar. In an ƙara da yawa kuwa sai ya ɓace gaba ɗaya, kamar yadda koren lida zai ɓace a Kogin Haɗejiya cikin watan Agusta.